Wuyan Agwagwar Lua

Har yau idan aka ce "agwagwa marar wuya" a kasuwar Cai Lay, tsofaffi sukan waiwaya tukuna su ga ko Lua na kusa, sannan su yi dariyarsu. Rigimar ta tsufa amma ba ta mutu ba, don Lua ce ta sha ƙasa a cikinta, ita kuwa ba mace ce da aka saba gani a ƙasa ba.

Mijinta Tanh makiyayin agwagi ne. Da an yanke shinkafa sai ya kora garkensa cikin gonaki su tsince abin da ya zube, yau nan gobe can, har tafiyarsa ta koma irin tasu. Ranar tsayuwar wata da ranar cikarsa, sa'ad da kowane gidan kirki ke ajiye nama ya ci ganye da awara, Tanh sai ya tuna yana da wani aiki a bakin kogi. Ya dawo da yamma leɓe na ƙyalli, ya ce wai gumi ne.

A shekarar da Diep ta sa firiza a shagonta ne aka fara kawo naman da ba nama ba: kaza, kifi, jatan lande, har da agwagwa, kowanne a ledarsa, duka na alkama da waken suya. Sauran mata suka saya don su huta da awara. Lua ta saya ne don tana son sanin abu guda: shin mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bayan agwagwa zai gane ta ƙarya in an dafa ta da kyau?

Ta kuwa dafa ta da kyau. Ta soya ta da citta har ta yi ja, ta zuba ruwan kwakwa, ta bar ta a wuta ta tsotse. Ta tare shi a bakin ƙofa tun bai tuna da aikin bakin kogi ba.

"Zauna, tsoho. Yau ni ma na karya doka. Kada dai ka gaya wa yayarka."

Tanh ya zauna. Ya sa tsinkayen cin abinci ya tona kwanon daga sama har ƙasa, ya sake tonawa, kamar wanda zobensa ya faɗa miya.

"Tsohuwa, ina wuyan?"

"Kyanwa ta ɗauke."

"Kan fa?"

"Shi ma."

"Oho. Ƙafafun?"

"Ci ka zo yi ko bincike?"

Ya ɗauki cinya ya latsa, ya raba ta biyu da yatsa. "Kai, wannan kyanwar taki gwana ce. Ta zare ƙashi daga cikin cinya, ta ɗinke wurin, ko tabo babu. Ba ni aronta in kai ta asibiti, ai yau za su ɗauke ta aiki."

Da Lua ta yi dariya a nan, da magana ta ƙare. Ina! Sai ta rantse da kabarin uwarta cewa da hannunta ta fige wannan agwagwa. Tanh bai ce ƙarya take yi ba. Ya dai ɗauki kwanon ya fita bakin hanya, yana kiran maƙwabta su zo su ga abin mamaki, agwagwar da ta rayu har ta yi ƙiba alhali ba ta da wuyan haɗiya. Aka taru. Lua na tsaye tana ta rantsuwa, sai ga karen gidan ya fito daga bayan murhu da ledar a baki, hoton agwagwa a jiki tana murmushi.

Wanda bai san Lua ba zai ce ƙeta ce ta sa ta. Ba ƙeta ba ce, ciwo ne, kuma da shi ta zo duniya. A cikin jirgin ruwa aka haife ta, ubanta na yawo da tukwane daga wannan kasuwa zuwa waccan, kuma tun tana rarrafe ba ta iya ganin abu a rufe ta bar shi. Ta fasa agogon ubanta don ta ga mai bugawa a ciki. Ta sha duka, tana kuka tana tambaya ina mutumin ya gudu. Da ta girma sai ciwon ya koma kan tukunya. In ta ɗanɗana miyar wata, ba ta da sukuni sai ta gano abin da aka sa. A haka ta zama mai girkin biki da na tunawa da matattu, wadda ake ɗauka da babur tun asuba, da wuƙaƙenta a ƙugu. Maza da yawa sun neme ta, kowanne ta yi masa kallo ɗaya ta ga ƙarshensa. Tanh kaɗai ne ta kalla ba ta gane abin da ke cikinsa ba, shi ya sa ta aure shi. Daga baya takan ce ta gane: agwagwa ce a ciki. Suka haifi 'ya'ya uku, duk suka girma suka tafi birni, suka bar su biyu suna cacar bakinsu safe da yamma, kamar masu biyan haraji.

Bara da damina Tanh ya zauna a kan kunyar gona, ya ce bari ya ɗan huta. Hutun ya zarce.

Tun kafin a rufe akwatin gawa yayarsa Sen ta tare a gidan da jakarta. Sen ta bar cin nama tun rasuwar mijinta, shekara ashirin da wani abu, tana sa riga mai ruwan toka, tana jan carbi, kuma ta fi malaman haikali sanin doka. Su kansu in suka hango ta sukan gyara zama.

"Ki saurara, ƙanwata," ta ce wa Lua. "Mako bakwai zai yi a kan hanya. Kullum za a ajiye masa abinci a gaban hotonsa, amma ba nama, ba jini. Agwagin da ƙanena ya yanka, in suka taru a hanyarsa ba zai sami wurin sa ƙafa ba. Kada ki ƙara masa ko guda."

Lua ba ta yi musu ba, kuma wannan kaɗai ya isa a san tana cikin baƙin ciki. Ta san gaskiya Sen ta faɗa. Amma ta san wani abin kuma: Tanh bai taɓa ƙoshi da ganye ba. In aka ajiye masa ganye yakan zauna ya yi ta kallonsa, kamar an kawo masa sammaci. Ga tafiya mai nisa, ga tsoho, ga ciki wayam. Ba mutuwar ce ta fi damunta ba, kowa zai yi ta. Yunwar ce. Mace ta ciyar da rabin lardi, a ce mijinta ya tafi da yunwa?

A gefen kaskon turare akwai tsofaffin kwabbai biyu masu huji a kan ƙaramin faranti, kowanne an shafa wa fuskarsa ɗaya farar ƙasa. Da su ake tambayar wanda ya tafi. In ɗaya ya faɗi fari ɗaya baƙi, ya karɓa. In duka baƙi, ya ƙi. In duka fari, dariya yake yi maka. Sau ɗaya ake jefawa, ranar addu'ar ƙarshen kowane mako, kuma Sen na tsaye a kai don kada wani ya yi ta jefawa har sai ya sami amsar da yake so.

Makon farko Lua ta yi masa dafaffen ganye da awara da miyar kabewa, yadda Sen ta ce. Ta kunna turaren tsinke, ta durƙusa, ta jefa. Baƙi da baƙi.

"Bai saba ba ne," in ji Sen. "Zai saba."

"Shekara saba'in bai saba ba, Yaya."

Washegari ta nufi shagon Diep ta sayo cinyar agwagwa ta leda. Rabonta da taɓa irinta tun ranar kare. Sen na ganin ledar ta dafe ƙirji.

"Wayyo sama da ƙasa! Mamaci za ki yi wa ƙarya?"

"Akwai jini a ciki?"

"Babu jini, amma akwai kwaɗayi. Ana so ya manta da nama, ke kina zana masa hotonsa."

"To bari mu tambaye shi. Bakinsa ne."

Ta dafa ta kamar wancan karon, citta da ruwan kwakwa. Ranar addu'a ta jefa. Fari da fari.

"Dariya yake," in ji Sen.

"Na ji. Na san muryar."

Da wata macen ce, da ta haƙura a nan. Lua kuwa tsohon ciwonta ne ya tashi. Ta koma shago ta sa Diep ta karanta mata ƙananan rubutun bayan leda, don idonta ya daina ganin irinsu. Ta dawo gida ta kwance cinyar kamar yadda ta kwance agogo. Ta jiƙa ta a ruwan zafi, ta matse, ta ga wani ruwa rawaya ya fita da warin masana'anta. Ta gano abin soso ne kawai: ba shi da ɗanɗanon kansa, abin da ka ba shi ya sha shi zai riƙe. Ta gano in aka yanka shi da wuƙa sai ya yi sumul kamar sabulu, in aka yage shi da hannu sai ya fitar da zare-zare irin na nama. Ta gano ba ya son dogon dahuwa, sai ya kumbura ya yi laɓo-laɓo kamar tsumman wanke-wanke. Gara a fara soya shi ya yi ɓawo. Rannan ta kama kanta tana goge shi da citta da giyar shinkafa don ta kashe ƙarni, sai ta tsaya ta yi wa kanta dariya, don babu ƙarnin da za a kashe. Abin ya ba ta tausayi ma. Agwagwar da ba ta taɓa shiga taɓo ba!

Ta naɗe cinyar da yanar madarar waken suya, ta soya har ta yi ƙuraje-ƙuraje kamar fatar gaske. Kwabbai suka ce a'a. Ta tuna maganar ƙashi, ta soka karan ciyawar nan mai ƙamshin lemo a tsakiyar cinyar, ya leƙo ta ƙasa fari fat. Maƙwabciya ta shigo ta gani ta ja da baya, ta ɗauka an yi yanka a gidan makoki. Kwabbai suka yi dariya.

"Kin gani?" in ji Sen. "Ya tuba. Ganye yake so yanzu."

Lua ta ce to, a gwada. Aka koma ganye da awara mako guda cur. Baƙi da baƙi. Sen ta ce farantin ne ya karkace.

Haka aka yi ta yi har saura mako ɗaya, tsoho bai karɓi ko loma ba. Lua ta rame. Ta daina tsokanar masu sayar da kifi, har suka fara aiko a tambaya ko lafiya.

Wata rana da tsakar rana, turare ya cinye, ta sauke abincin daga gaban hoton kamar kullum, don abin da mamaci ya bari masu rai ke ci. Sen ba ta taɓa cinyar, saboda haka a kwanon Lua take ƙarewa. Ta zauna a tabarma, ta kai tsinkaye za ta ɗauka, sai ta tsaya tana kallon kwanon. Cinya a kan shinkafarta. Yaushe ne cinya ba ta kan shinkafarta? Tun suna amare, in an dafa agwagwa Tanh yakan tona kwano ya zaro wuya, ya ture mata cinyar da bayan tsinke, ko kallonta ba ya yi. "Ungo naman malalata," yake cewa. "Ba ƙashi, ba aiki." Shi kuwa ya zauna yana gwigwiyar wuya yana tsotsa, da ƙarar da takan ce ta fi ta injin ban ruwa. Da yara suka zo, cinya ɗaya tata, ɗaya tasu. Shi wuya.

Ita da ta buɗe agogo, ta buɗe tukunyar kowace mace a lardin, wannan ba ta taɓa buɗe shi ba. Son wuyan yake yi da gaske, ko cinyar yake bar mata? Ta ɗaga kai ta dubi hoton. Yana nan da murmushinsa na gefen baki, irin na ranar kare.

"Munafukin tsoho," ta ce.

Ta ɗauki malafarta ta tafi shagon Diep.

"'Yata, buɗe min firizar nan. Wuya nake nema."

"Wuyan me, Goggo?"

"Na agwagwa mana, na raƙumi zan ce?"

Diep ta tona har ƙasa. Ƙirji, cinya, yankakke, gasasshe. "Babu, Goggo. Ban taɓa gani ba ma."

"Kan fa? Ƙafafu?"

"Haba Goggo, wa zai zauna ya ƙera wuya? Wanda zai kwaikwayi nama ai mai tsoka zai kwaikwaya. Wa zai sayi ƙashi na ƙarya?"

"Ga ni a gabanki."

Ta sayi cinya biyu ta koma gida. Ɗaya ta ajiye. Ɗayar ta jiƙa, ta matse, ta yayyage ta siri-siri. Ta zaɓi karan ciyawar lemo mai kauri, ta daddatsa shi da bayan wuƙa ya yi gaɓa-gaɓa, ta ɗan lanƙwasa shi. Wahalar ba ta naɗawa ba ce, ta rowa ce. Hannunta ya saba da cika wa mutane kwano, sai ta yi ta sa tsoka da yawa, abin ya fito kamar wuyan mai kuɗi. Ta kwance, ta rage, ta sake ragewa, har ya zama ɗan abu siriri abin tausayi, zare-zaren nama a maƙale a lungunan kara, wanda sai ka sa haƙori da harshe da haƙuri kafin ka sami abin haɗiya. Ta lulluɓe shi da yanar waken suya sakwa-sakwa, ta soya, ta jefa a miyar citta. Sai a na huɗu ta sami munin da take so.

Ranar addu'ar ƙarshe 'ya'ya da jikoki suka zo daga birni, malaman haikali suka yi karatunsu suka koma gefe shan shayi. Lua ta ajiye shinkafa a gaban hoton, da ɗan kwano, wuya ɗaya a ciki. Sen ta leƙa.

"Mene ne wannan kuma? Yau ranar sallama, wannan ƙanjamammen abin za ki ba shi?"

Lua ta zuba shinkafa a nata kwanon, ta ɗora cinya a kai, ta zauna a ƙasa daidai gaban hoton, abin da ba a yi sai turare ya cinye. Ta ɗaga kwanon sama yadda zai gani.

"Tsoho, ga naka, ga nawa. Na ɗauki cinyar, ka gani? Ba wanda zai ci min. Kuma kada ka wahalar da kanka da tona, alkama ce, kyanwa ba ta taɓa komai ba. Ci ka kama hanya, rana na yi."

Ta gutsiri cinyar ta tauna ta haɗiye. Sannan ta ɗauki farantin ta jefa.

Ɗaya ya faɗi baƙi nan take. Ɗayan ya yi ta juyi a bakin faranti, yana kaɗawa hagu da dama kamar Tanh in yana bin garke, sannan ya kwanta. Fari.

Babbar 'yar ta fashe da kuka. Lua ta kwashi kwabban ta riƙe a tafin hannu. Tambayar na nan a bakinta: wuyan ne ka karɓa, ko ganin cinyar a kwanona? Jifa ɗaya kawai. Sen ma ta juya baya tana share ido, ba mai gani. Ta daɗe tana murza su, har farar ƙasar ta shafi yatsunta. Sai ta mayar da su kan faranti. Sau ɗaya ake tambaya, kuma ko ta tambaya ta san fari da fari zai ba ta.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka sauke abinci, aka fito da sauran wuyan uku da ba su yi munin kirki ba. Lua ta ci kamar wadda ta dawo daga noma. Sen kuwa, da hawaye suka bushe, sai doka ta dawo mata. Ta fara daga can ƙarshen tabarma, tana ci tana magana, da ƙarfi yadda malamai za su ji.

"Ni dai ban ce bai karɓa ba. Ya karɓa. Amma don tausayinki ya karɓa, ba don abin ya dace ba. Abincin ibada ganye ne da awara, a fili, kowa ya san abin da yake ci. Wannan naman leda raina ne ga masu kamewa. Wanda zuciyarsa ta bar nama da gaske, me zai yi da hotonsa? Ni shekara ashirin ko a mafarki..."

Maganar ta fara fita a cakuɗe, ana jin wata ƙara a tsakanin kalmomi, tsut, tsut, irin wadda gidan ya yi mako bakwai bai ji ba. Jikoki suka fara zungurar juna. Malamin da ke kusa ya sunkuyar da kai cikin kofin shayinsa, kafaɗunsa na rawa. A gefen kwanon Sen akwai kara ɗaya an tsotse shi fes, na biyu kuma yana leƙowa ta gefen bakinta.

Lua ta ajiye tsinkayenta a hankali, ta kara hannu a kunne.

"Yaya, cire ƙashin daga bakinki tukuna, ba na jin wa'azin."